Na Ba Shi Doki, Ya Ce Na Yi Maguɗi

Kuna wurin. Kada wani ya shigo min akwatin saƙo ya ce a bakin mutane ya ji. Zauren ya cika ranar har wasu suna tsaye a jikin bango, kuma tebur na ɗaya, inda na zauna, shi kowa ya kewaye. Na ga fuskokinku. Da yawanku kuna cikin masu bin wannan shafi tun da na fara ba ku labarina da Farfesa, kuna turo min alamar zuciya, kuna tambayar yaushe za a sha biki. Amma da abin ya faru a gaban idonku, wani ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, wata ta hau lalube a jaka, sauran kuka zuba wa rufin ɗaki ido kamar ranar aka kafa shi. Ku daure ku karanta har ƙarshe, ko da kunya za ta sa ku so rufewa.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata, ni ce auta a gidanmu, kuma ina buga ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai da giwaye da hasumiyoyi da sojoji. Ba don kashe lokaci nake yi ba. Ina da maki a jerin hukumar wasan, irin wanda yake hawa in ka yi nasara a gasa, ya sauka in an cinye ka. Farfesa ya fi ni da kusan maki ɗari biyu. Ba farfesa ba ne, kantin magani gare shi. 'Yan kulob ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya iya tura soja ɗaya a kan allo bai yi lacca a kai ba. Shi ya fara koya min wasan gasa, shi ne kuma yake neman aurena.

Ba zan ɓoye muku ba, na so shi. Mutum ne mai tsafta, mai taushin murya, in yana bayani sai ka ji kamar duniya duka a tsare take. A gidanmu kuwa ya riga ya zama ɗa. Shi yake kawo wa Abba maganin hawan jini, ya zauna ya auna shi da kansa. Umma tana da wasu kofuna masu bakin zinariya a saman kabad, ko Yaya da ya zo da matarsa ba a sauko masa da su ba, amma Farfesa a ciki yake shan shayi. Ba wanda ya ce dole in aure shi. Sai dai kullum da safe, kafin in gama ɗaura mayafi, Gwaggo, ƙanwar Abba da ke zaune tare da mu, sai ta tambaye ni ko wani nake jira ya faɗo daga sama. Abin da ya riƙe ni magana ɗaya ce da ya taɓa yi yana dariya, wai gida ɗaya ɗan gasa ɗaya ya ishe shi. Na yi dariyar ni ma, amma maganar ta ƙi barin kunnena.

Sai na yi muku bayanin Katanga, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. A ces, yadda kake fara wasa shi muke kira buɗi, kuma kowane ɗan gasa an san shi da nasa. Buɗin da Farfesa ya koya min shi yake kira Katanga: ka tura sojan gaban sarauniya, ka fito da giwa ɗaya, ka jera sauran sojoji suna dafa wa juna baya, ka zauna. Ba ka kai hari, ba a samun ƙofar kai maka. Ya ce shi ya dace da ni, babu tashin hankali a ciki. Shekaru na yi ina gina Katangar nan. Da shi kuwa in muka haɗu, kullum kunnen doki muke yi ko ya cinye ni a hankali, ya kuma bi ni da bayanin inda na yi kuskure har bakin mota.

Gasar da ta wuce, zagaye na ƙarshe ya haɗa ni da shi. Gurbi ɗaya ne tak na zuwa babbar gasa. Ya fi ni da rabin ci, don haka kunnen doki ya ishe shi. Ni kuwa sai na cinye shi. Jajibirin wasan, ina gugar kayan da zan sa, saƙonsa ya shigo:

“Ɗalibata, gobe mu gina Katangarmu mu tashi da wuri. Ina so in kai Abba a duba shi da yamma. Kin gane ai.”

Na gane sarai. Wanda bai san wasa ba zai ce saƙon kulawa ne. Ni na san cewa yake mu tura 'ya'yan dara na ɗan lokaci don idon jama'a, mu yarda an yi kunnen doki, ya ɗauki gurbin. Ban ba shi amsa ba. Can sai ga shi ya zo da ledar lemo da ayaba. Na aika a ce ina shiri. Daga ɗakina ina jin muryarsa a ƙofar kicin, yana yi wa Umma magana ƙasa-ƙasa, tana ta sa masa albarka.

Abin da bai sani ba, na daɗe ina buga wasa a intanet da wani suna, a ɗakin malamai lokacin tara, ina cin burodi da hannu ɗaya. A can ba Katanga nake ginawa ba. Wani tsohon buɗi na samu a littattafai, tun na zamanin da ba a san na'ura ba, wanda manyan 'yan wasa suka daina yi saboda haɗarinsa. An cinye ni da shi har na daina ƙirgawa. Amma ranar da na fara cin wani da shi, sai na ji kamar na buɗe taga a ɗakin da ya shekara a rufe.

Da safe na sa doguwar riga ruwan toka mai matsattsen hannu, don mai faɗin hannu tana share 'ya'yan dara in ka miƙa. Na kafe baƙin mayafina da fil a kafaɗa, na sa takalmi maras ƙara. Umma ce ta haɗa min jaka kamar kullum, goran ruwa da biskit da ƙaramin tawul, ta rako ni da ita har ƙofa. Gwaggo tana kan kujera tana yankan farce, ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin yarinyar da miji zai zauna a gabanta ba, ita kuma hankalinta yana kan yadda za ta kashe masa sarki. Na ce Gwaggo ai na katako ne. Ta ce da na katako ake farawa.

A ƙofar zauren kowane ɗan wasa ya miƙa wayarsa aka ba shi lamba. Na miƙa tawa. Alƙalin wasa, wani dattijo mai gilashi a kan karan hanci, ya maimaita dokar da kowa ya haddace: duk ɗan wasan da waya ta yi ƙara a jikinsa ko a jakarsa, an cinye shi nan take, kuma ba a yi wa 'yan kallo magana sai an tashi. Na ajiye jakata a gefen ƙafata. Farfesa ya zo cikin farar riga, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa, ya yi min murmushin nan nasa, ya danna agogon da ke ƙirga wa kowannenmu lokacinsa. Ni ke da fararen 'ya'yan dara, ni zan fara.

Na kai hannu, na wuce sojan sarauniya, na ɗauki na gaban sarki na tura shi gida biyu.

Ya ɗaga gira. Ya mayar min da irinsa. Sai na tura sojan da ke kusa da shi, na gefen giwa, shi ma gida biyu, na ajiye shi daidai inda zai ci shi a banza. Ya dube ni kamar yadda nake duban ɗalibar da ta rubuta amsa a shafin da ba nata ba, ya cinye sojan. Na fito da doki. Ya turo wani soja ya tsare wanda ya ci. Na fito da giwa, na saita ta a kan gidan da ke kusa da sarkinsa. Ya sake turo sojan nan ya taka dokina, wato ko in janye shi ko in rasa shi.

Na san abin da ke biye, na buga shi sau da yawa, amma ban taɓa buga shi ina shaƙar turaren mutumin da yake shan shayi a kofin zinariyar Umma ba. Ban janye dokin ba. Na ɗauki sarkina na shigar da shi kusurwa, hasumiya ta fito ta tsaya a kan layin da na buɗe. Na bar masa dokin.

Ya cinye. Na ci sojan nasa da sarauniya. Sannan na ga ya duba allon da kyau a karo na farko. Ya fi ni doki guda cur, amma duk manyansa suna jere a layin baya ko ɗaya bai motsa ba, kamar baƙin da ke jiran a kawo abinci. Nawa kuwa sarauniya da giwa da hasumiya duk wuri ɗaya suke kallo. Ya sunkuyo, leɓensa kawai ke motsi.

“Wa ya koya miki wannan?”

Na kalli agogo. Ba a magana a kan allo, shi ya koya min hakan.

Ya fito da sarauniya don ya tare. Na sake ba shi soja, ya karɓa. Sai na jefa giwar ma a bakin ƙofar sarkinsa, dole ya ci ta da sarkin, sarkin ya fito fili. Yanzu ya fi ni manya biyu, amma sarkinsa yana tsakar gida babu riga. Wani a bayana ya ja numfashi. Farfesa ya daɗe yana tunani, na ga gumi yana bin bayan kunnensa yana shiga wuyan farar rigar. Da ya taka, sai ya fito da doki ta ɓangaren da bai kamata ba. Na duba, na sake dubawa, na ga hanyar a shimfiɗe har ƙarshe. Na taka nawa, na danna agogo.

Shi ma ya gani. Ya fi ni iya wasa, ba zai kasa gani ba.

Yanzu ku buɗe ido, ga wurin da kuka kawar da kai. Agogonsa na tafiya, ya miƙe ya nufi teburin ruwa da ke kusa da ƙofa. Dogo yana tsaye a wurin, abokinsa da ba ya buga gasa, kullum sai dai ya zo kallo da wayarsa a aljihu, tunda shi ba a karɓar tasa sai dai a ce ya kashe. Farfesa ya tsiyayi ruwa bai sha ba, ya matsa kusa da shi ya yi masa magana a kunne. Dogo ya gyaɗa kai ya fita. Alƙali yana can ƙarshen zaure yana raba wata gardama. Ku kuwa kuna nan, wasunku har matsawa kuka yi Dogo ya wuce.

Farfesa ya dawo ya zauna. Bai kalli allon ba. Jakata ya kalla, wadda ke gefen ƙafata. A lokacin ban san dalili ba. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, tsoron abin da ban san ko mene ne ba.

Sai ƙarar ta tashi.

Ko a cikin barci na san ƙarar nan. Wayar Umma ce, ƙaramar nan mai maɓallai da murfin bayanta ya tsage aka ɗaure da roba, wadda muke ji daga ɗaki in tana kicin. Daga aljihun gefen jakata take fitowa, inda nake sa tawul. Na zauna kamar an dasa ni. Ta yi ta ƙara, ba wanda ya motsa, har alƙali ya iso ya tsayar da agogo. Ya ce in buɗe jakar. Na ciro ta da yatsu biyu. Babu lamba a fuskarta, a ɓoye aka kira.

Alƙali ya ce doka doka ce, an cinye ni. Na ce na yarda. Har yau na yarda, jakata ce, ni ya kamata in zazzage ta a ƙofa. Da a nan abin ya tsaya, da na koma gida na yi kukana na share hawaye. Amma Farfesa ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya yi fuskar mai ta'aziyya.

“Alƙali, ban so in yi magana ba. Ni na koya mata wasa, na san iyakar abin da ta sani. Tunda take ba ta taɓa buga wannan ba. Ta ba da doki ko tunani ba ta yi ba. Don a wanke ta nake so a bincika.”

Don a wanke ni. Nufinsa wai waya ce take faɗa min abin da zan taka. Ku da kuka san ces, ku faɗa min: wace na'ura ce take ba da doki da giwa a farkon wasa? Ku sa mata wannan buɗin ku gani, cewa za ta yi mai farare ya haukace. Buɗin mutane ne, na masu tsoratar da abokin wasa ya rikice, kuma ya rikice ɗin. Wayar kuwa ko hoto ba ta ɗauka. Ni kuma tun da na zauna ban tashi ba, hannuna bai je kusa da jakar ba. Duk kun san haka. Akwai masu maki sama da nawa a cikinku, kuna tsaye a wurin, kalma ɗaya ta ishe ku. Alƙali ya waiwaya ya tambaya ko akwai wanda ya ga wani abu. A nan ne igiyar takalmi ta kwance.

Tunda ɗan wasa ya kai ƙara, dole a tura wa kwamitin ladabtarwa. Ranar Asabar za su zauna. In suka yarda da shi, za a dakatar da ni shekaru, a buga sunana a jerin masu maguɗi. Ni da nake tsaron jarrabawa, nake ƙwace takardar satar amsa a hannun yara. Ku yi tunanin ranar da shugabar makarantarmu za ta ga wannan.

Da na koma gida na tarar da Umma a kicin tana tsince shinkafa. Na ajiye wayar a kan tire a gabanta. Ta yi murmushi ta ce ashe na gan ta, ta so ta kira ni ma sai ta tuna wayar tana wurina. Da na faɗa mata abin da ya faru, sai tiren ya zame daga cinyarta. Ta ce Farfesa ne jiya ya gaya mata ana karɓe min waya a ƙofa, wasan kuma yana iya daɗewa, gara ta sa min tata a jaka ko da za a neme ni saboda asibitin Abba. Ya ce kada ta faɗa min, wai hankalina zai rabu. Ita kuma, don kada in kasa ji a cikin mutane, sai ta ƙure ƙarar.

Umma ba ta san dokar ba. A wurinta 'ya ta fita ba waya shi ne haɗari. Ta zauna a ƙasa cikin shinkafar tana cewa ita ta kashe ni da hannunta, ni kuma na rasa wa zan rarrasa, ita ko kaina.

Ta ce za ta je gaban kwamitin ta faɗa. Abba ya ce matarsa ba za ta tsaya gaban wasu ƙarti suna yi mata tambayoyi a kan wasan katako ba. Ya ce yaron nan da kyakkyawar niyya ya yi, mantawa ya yi. Na ce Abba, mutumin da ya fi shekara goma yana gasa, shi ne zai manta dokar waya? Ya ce in iya bakina, karatu bai ba ni lasisin zargin mutane ba. Gwaggo ta ce to ai shi ke nan, tunda ya fi ni sanin dokar, shi zai san ta inda zai fitar da ni. Gaskiyar da ta fi ciwo kuma, ko Umma ta je, cewa za a yi uwa ce take rufa wa 'yarta asiri. Maganarta za ta nuna yadda wayar ta shiga jaka, ba za ta nuna wanda ya sa aka kira ta ba, daidai lokacin da sarkinsa ya rasa mafaka.

Washegari da la'asar Farfesa ya zo. Umma ba ta fito ba, Gwaggo ce ta sauko da kofunan. Aka kira ni falo, na zauna a ƙarshen doguwar kujera na ja mayafina har goshi. Ya auna Abba tukuna, ya ce jinin ya ɗan hau, a rage masa damuwa. Sannan cikin ladabi ya ce abin ya dame shi ƙwarai, bai yi barci ba. Ya ce akwai mafita: in aka sa rana, zai je ya janye ƙarar, ya ce matsala ce ta cikin gida, ai mutum ba ya kai iyalinsa ƙara. Ni kuma in ɗan huta da gasa har ƙura ta lafa. Abba ya dube ni da idon nan na mutumin da ya gaji, ya ce in raka Farfesa ƙofa.

A bakin ƙofa ya tsaya yana juya makullin mota a yatsa. Muryarsa ba ta canza ba, taushinta yana nan.

“Ɗalibata, wasan ya yi kyau, ban ƙi ba. Amma ki duba da kyau. Ranar nan kin ga wani ya buɗe baki?”

Ya daina juya makullin.

“To ni kaɗai gare ki.”

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bai yi ƙarya ba. Na kira sakataren kulob, ya ce wallahi hankalinsa yana kan tebur na biyu. Na kira wata da muke zama tare muna cin abinci a kowace gasa, ta ce ta gani, amma in rufa mata asiri, Farfesa ne yake zaɓar waɗanda za a tafi da su wasannin waje. Wani babba a cikinku ya ce in yi haƙuri, mace ba ta jayayya da mai neman ta. Na gaji da haƙurin nan naku. 'Yan mata nawa muka fara wasa tare? Ina suke? Duk wadda ta ɓace sai mu ce karatu ne ya yi mata yawa, ko aure ta yi, mu ci gaba da jera allo. Ko sau ɗaya ba mu taɓa bin wata mun tambaye ta me ya kore ta ba. Muna alfahari wasanmu na masu tunani ne, muna hango taku biyar a gaba, amma abin da ke faruwa a teburin ruwa ba ma gani.

Tun ranar, kullum da safe saƙonsa yana shigowa. “Kin karya?” “Ki kula da kanki, kin rame.” Jiya da aka tashi daga makaranta na ga motarsa a tsallaken titi, gilashi a rufe. Bai fito ba, bai kira ba. Na koma ɗakin malamai na zauna har masu shara suka gama, sannan na bi ta ƙofar baya. In waya ta yi ƙara yanzu, ko ta wani ce a cikin mota, sai in zabura. Umma ta kashe tata ta sa a ƙarƙashin katifa. Abba ba ya amsa gaisuwata sai da kai.

Yau da safe na zauna a bakin gado da wayata, na rubuta na goge, na rubuta na goge. Na san in na ce masa to, zuwa yamma komai ya wuce: Abba zai yi murmushi, sunana zai tsira, ni kuma ba zan sake zama a gaban agogo ba. Na rubuta: “Mu haɗu gaban kwamiti.” Na tura kafin in sake tunani. Amsar ba ta daɗe ba.

“Allah ya kai mu, Ɗalibata. Ki gaida Umma.”

Na kife wayar a kan gado.

To na rufe ƙofar da ya buɗe min, kuma ba ni da wata. Kwamitin mutum uku ne, biyu sun girme shi a wasa amma tare suke shan shayi. Zan shiga da allona in nuna musu wasannin da na buga a intanet da wannan buɗin, za su ce wa ya san wanda ya buga su. Abin da ba za su iya turewa ba shi ne mutum mai maki, wanda suka sani, ya tsaya ya ce ya gani da idonsa.

Kada ku turo min alamar zuciya a ƙarƙashin wannan rubutu. Kada ku ce kuna tare da ni a ɓoye. Ranar Asabar da hantsi ne, a ɗakin sama na zauren da aka yi gasar, kuma dokarsu ta ba duk wanda ya halarci wasan damar ba da shaida. Ba na neman ka ce Farfesa mugu ne, ba na neman ka rantse a kan abin da ba ka ji ba. Ka ce ka ga ya tashi agogonsa na tafiya, ya yi wa Dogo magana, Dogo ya fita, wayar ta yi ƙara. Ka ce ni ban motsa daga kujerata ba. Kai da ka matsa Dogo ya wuce, ke da muka haɗa ido kika sunkuyar da kai, da ku nake. Ku hau matakalar nan ranar Asabar, ku faɗi sunanku da makinku, ku faɗi abin da kuka gani.